Yadda Jakada Ya Zama Haja a Hamadar Sahara

Mutumin Cadawa da ya saba ganin fararen motocin Majalisar Ɗinkin Duniya suna wucewa bisa babbar hanyar da ta taso daga Maradi ta nufi Agiye da Gazawa da Tasawa har Damagaram, ya san cewa a shekarun baya baƙin da ke cikinsu sukan tsaya bakin kasuwa su sayi aya, su gaisa da mutane, ba mai rakiyarsu sai direba. Ya kuma san cewa daga baya al'amarin ya sake, har ya zama Bature ba ya fita daga babban gari sai da sojoji gaba da baya, in ma an yarda masa ya fita. Ba rana ɗaya aka wayi gari aka ga wannan sauyi ba. Yana da asali da silsila, kuma wanda yake son ya fahimce shi, lalle ne ya san labarin wasu jakadu biyu 'yan ƙasar Kanada, Robert Fowler da Louis Guay, waɗanda aka sace a ƙasarmu Nijar cikin Disamba 2008, suka yi kwana 130 a hannun mayaƙan Alƙa'ida a hamadar arewacin Mali, Allah ya ƙaddara suka fito da ransu. Amma kafin a kai ga labarinsu, ya kamata a waiwaya a ga matsayin da manzo yake da shi a wannan ƙasa tun ba a san wani abu wai shi Alƙa'ida ba, domin girman laifi ba ya bayyana sai an san dokar da aka keta.

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa manzon da wata al'umma ta aiko, ko da kuwa ana tsakiyar yaƙi da ita, jininsa da dukiyarsa haramun ne, ba a kashe shi, ba a tsare shi, har ya isar da saƙonsa ya koma inda ya fito. Asalin wannan hukunci yana cikin sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda manzannin Musailamu Alkazzabi suka zo gabansa suka furta ɓarnar da ya ƙi ji, ya bar su suka tafi lafiya saboda su 'yan aike ne. Haka nan da Ƙuraishawa suka aiko Abu Rafi'u, Musulunci ya shiga zuciyarsa, ya nemi ya zauna a Madina, sai aka umurce shi ya koma ya kai amsa tukuna, in yana so ya dawo daga baya, don kada a ce an riƙe manzo. A Hudaibiyya kuwa, jita-jitar cewa an kashe Sayyidina Usmanu yana manzanci a Makka ita ta sa sahabbai suka yi mubaya'ar nan ta ƙarƙashin itaciya. Bayan hukuncin manzo kuma akwai babin aminci, watau alkawarin tsaro da Musulmi ke bai wa wanda ba Musulmi ba in ya shigo ƙasa. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zauren malaminsa, a Cadawa ne ko a Tibiri, ya karanta cewa amincin da mafi ƙanƙantar Musulmi ya bayar yana hawa kan sauran jama'a duka, har na mace, har na yaron da ya san abin da yake yi. Fukaha'u ma sun ƙara da cewa idan baƙo ya shigo bisa zaton an ba shi aminci, alhali ba a ba shi ba, to, iyakar abin da za a yi masa shi ne a mayar da shi wurin da zai aminta.

Ba a takarda kaɗai wannan hukunci ya tsaya ba, ƙasar nan tamu ta ga aikinsa. A cikin Janairu 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarimu, yana tafe cikin ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko ga sarakunan ƙasar Sudan, ya sauka Tasawa, ya biyo ta Gazawa ya nufi Katsina da Kano, abokin tafiyarsa Overweg kuma ya karkata yamma zuwa Maradi da Gobir. Zamanin kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne, gama Katsinawan Maradi da Gobirawan Tibiri suna gaba da daular Sakkwato, dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina kuma fagen hari ne. Duk da haka baƙin suka ratsa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Ba na cewa tafiyarsu ta kasance cikin daɗi. Tun a bakin Abzin wasu sun tare su sun ce ko su musulunta ko su mutu, sai da suka fanshi kansu da kaya masu yawa, Sarkin Katsina ma ya riƙe Barth 'yan kwanaki yana neman ƙarin kyauta. Abin lura shi ne, duk sa'ad da maganar ta kai gaban manyan malamai, hukuncin aminci ne yake rinjaye. A 1853 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya karɓe shi kusa da Wurno ya ba shi takardar aminci. Da ya isa Tumbuktu cikin Satumba na wannan shekara, Sarkin Masina Ahmadu ɗan Ahmadu ya aiko daga Hamdallahi a kama Nasaran nan ko a kore shi, sai Shaihu Ahmadul Bakka'i Alkunti, jagoran Ƙadiriyya na wannan yanki, ya tsaya tsayin daka, ya rubuta wa sarkin wasiƙa cike da hujjoji, yana nuna masa cewa baƙon yana cikin amana, ƙasarsa ba ta yaƙi da Musulmi, taɓa shi zalunci ne. Ya fitar da shi daga gari ya ajiye shi a zangonsa, ya tara abokansa Buzaye don tsaronsa wata da watanni, har a 1854 ya raka shi da kansa gefen kogin Kwara zuwa Gao. A hamadar da ke arewa da wannan hanya ce aka tsare Fowler da Guay bayan shekara 155, masu tsaronsu kuwa suna da'awar su ne suka fi kowa riƙo da shari'a.

To, daga ina waɗannan suka fito? Tushensu Aljeriya ne. A Disamba 1991 jam'iyyar masu kishin Musulunci ta FIS ta ci zagayen farko na zaɓen majalisa, sojoji suka soke zaɓen a Janairu 1992, ƙasar ta faɗa cikin fitinar da ta ci rayuka dubu ɗari ko fiye. A cikin wannan yaƙi ƙungiyar GIA ta zurfafa cikin kafirta Musulmi har ta halatta jinin mutanen ƙauye baki ɗaya, abin da ya sa wasu mayaƙanta suka ɓalle a 1998 ƙarƙashin Hasan Hattab suka kafa GSPC. Sojojin Aljeriya suka matsa musu a duwatsun arewa, sai wani sashe nasu ya gangaro kudu cikin Sahara, inda iyakoki suke da tsawo, hukuma kuwa ba ta da ƙarfi. Cikinsu akwai Muktar Balmuktar, haifaffen Gardaya a 1972, wanda ya je Afganistan yana saurayi, ya kuma rasa ido ɗaya. Shi ne ya gane cewa hamada ba a zama cikinta da bindiga kaɗai, sai ya yi aure cikin Larabawan yankin Tumbuktu, ya ƙulla hulɗa da masu fasa-ƙwaurin taba da man fetur, ya zama suruki kuma abokin ciniki kafin ya zama amiri.

A 2003 aka buɗe babin da muke magana a kansa. Wani kwamandan GSPC da ake kira Abdurrazak Alfara ya kame Turawa 'yan yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya, rabinsu Jamusawa. Sojoji suka kuɓutar da 17 a watan Mayu, mace ɗaya ta mutu saboda tsananin zafi, sauran 14 kuwa aka ƙetara da su Mali, aka sake su a watan Agusta bayan an biya fansar da jaridu suka ruwaito ta kai kuɗin Yuro miliyan 5. Ta haka kasuwa ta ci, kasuwa kuwa in ta ci sau ɗaya da riba, ba a rasa masu komo mata mako mai zuwa. Mutanen da jiya suke gudun sojoji da tsofaffin bindigogi suka wayi gari suna iya sayen motoci da makamai da abinci, suna iya sayen shirun mai unguwa da jagorancin makiyayi. A Satumba 2006 aka ba da sanarwar mubaya'arsu ga Usama bin Ladan, a Janairu 2007 suka sake suna suka koma Alƙa'ida a Ƙasashen Magrib.

Wannan mubaya'a ta zo musu da wata aƙida game da jakadu. A Yuli 2005 reshen Alƙa'ida na Iraƙi ya sace ya kashe wakilin Masar a Bagadaza, sa'an nan ya yi haka ga jami'an jakadancin Aljeriya biyu, dukansu Musulmi. Ranar 11 ga Disamba 2007 kuma aka tayar da bam a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Aljiyas, ma'aikatanta 17 suka mutu. Hujjarsu ita ce, wai gwamnatocin ƙasashen Musulmi sun yi ridda, saboda haka amincin da suka bayar ɓatacce ne, Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa kayan aikin abokan gaba ce. Mai karatu ya auna wannan da abin da ya gabata a Risala. In har amincin mace da na yaro mai hankali yana hawa kan al'umma, ta yaya za a ce baƙon da jami'in kan iyaka Musulmi ya buga wa hatimi, direba Musulmi ya ɗauka, mai masauki Musulmi ya yi wa maraba, ba shi da aminci ko shubuhar aminci? Ni dai a ganina, an riga an ƙudurta kamun, sa'an nan aka nemo masa fatawa.

A nan gida kuwa wata wuta ce take ci. Cikin Fabrairu 2007 ƙungiyar MNJ ta Agali Alambo ta kai hari Iferwan, tawayen Buzaye ya sake tashi a jihar Agadas, suna neman kaso mafi tsoka daga arzikin yuraniyom. Shugaba Mamadu Tanja ya ƙi kiransu 'yan tawaye, ya ce 'yan fashi ne da masu fataucin miyagun ƙwayoyi, ba zai zauna da su ba. A Yuli 2008 Ban Ki-moon, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya naɗa Robert Fowler manzonsa na musamman a Nijar don ya nemo hanyar sulhu, aka kuma yi naɗin ba tare da shela ba, saboda an san gwamnatin Yamai ba ta maraba da sa bakin waje. Fowler ba ƙaramin mutum ba ne. Ya koyar a Ruwanda tun yana saurayi, ya zama mai ba firayim ministocin Kanada uku shawara kan harkokin waje, ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1995 zuwa 2000, shi ne kuma ya jagoranci binciken da ya tona asirin yadda 'yan tawayen UNITA na Angola suke sayar da lu'ulu'u suna sayen makamai. Yana da shekara 64, ya riga ya yi ritaya. Mataimakinsa Louis Guay ya taɓa zama jakadan Kanada a Gabon. Watau manzanni ne bisa kowace ma'ana, aikin da ya kawo su kuwa shiga tsakanin Musulmi da Musulmi ne.

Ranar Lahadi 14 ga Disamba 2008, ana shirin bikin cika shekara 50 da kafa Jamhuriya wanda aka tsara yi a Tilaberi, suka fita daga Yamai suka ziyarci mahaƙar zinariya ta Samira. Da yamma suka ƙetaro kogi a jirgin fito, suka kama hanyar komawa, sai wata mota ta sha gabansu tazarar kilomita arba'in da 'yan kai daga babban birni. Cikin ɗan lokaci kaɗan aka fizge su ukun, su biyu da direbansu Sumana Munkaila, ɗan Nijar ma'aikacin Majalisar, aka jefa su bayan a-kori-kura, aka bar motarsu a bakin hanya. Jagoran kamun shi ne Umar wuld Hamaha, wanda daga baya duniya ta san shi da jan gemunsa sa'ad da aka mamaye Tumbuktu da Gao a 2012. Fowler ya yi zargin cewa wani ne daga cikin gwamnatin Nijar ko daga cikin Majalisar ya tsegunta hanyarsu. Maganar ta zauna a matsayin zarginsa. An yi makonni ana tuhumar 'yan tawayen Buzaye, sai a Fabrairu 2009 Alƙa'ida ta fito ta ce suna hannunta.

Abin da aka sani na zamansu ya fito ne galibi daga littafin da Fowler ya wallafa a 2011, kuma a nan ya kamata a dakata, domin mutane da yawa suna zaton fursuna yana rayuwa ne da ƙarfin jiki, alhali labarin waɗannan dattawa yana nuna wani abu dabam. An yi kwanaki ana gudu da su arewa, ba bisa hanya ba, cikin duwatsu da rairayi, har girgizar motar ta ji wa Fowler ciwo a ƙashin baya, tabaraunsa kuma ya ɓace tun a wurin kamun, ya zama ba ya ganin nesa sosai. Da aka isa, ba a sa su a ɗaki ba, gama babu ɗaki. Ƙarƙashin 'yar ƙaya aka ajiye su da bargo, sanyin Disamba da Janairu yana ratsa ƙashi da dare, zafi kuma yana ƙaruwa kullum har ya kai ga na bazara. Ba a buƙatar katanga ko mari a irin wannan wuri: wanda ya gudu, ƙishirwa za ta kashe shi kafin masu nemansa su cim masa, su ma sun auna maganar gudu sun ga ba ta da mafita. Abincinsu shinkafa ce ko taliya, da gurasar da ake gasawa cikin toka da rairayi, nama sai jefi-jefi. Ruwan kuwa mai laka ne, sau da yawa da warin man fetur saboda irin mazubin da aka ɗebo shi. Ranar da aka fara shigar da su tanti aka ga kyamara da mutane masu rawani riƙe da bindigogi, Fowler ya tuna ɗan jaridar nan Daniel Pearl da aka yanka a Fakistan a 2002, ya ɗauka tasa ta ƙare. Ashe hoton shaidar suna raye ake so a ɗauka, don a nuna wa masu biya cewa hajar tana nan.

Da suka ga zaman zai yi tsawo, sai suka kafa wa kansu dokoki, wannan kuwa shi ne abin da ya fi burge ni cikin labarin duka. Suka haramta wa kansu faɗin "da ma": da ma ba mu je Samira ba, da ma mun bi wata hanya, domin sun lura nadama tana cin zuciya ba ta biyan komai. Suka yi alkawari ba za su tattauna mugun abu ba in rana ta yi nisa, don kada tunaninsa ya bi su cikin dare ya hana su barci. Suka shata wa kansu 'yar hanya kusa da makwancinsu suna zagayawa safe da yamma don kada jiki ya mutu, suka lizimci tsabta gwargwadon ɗan ruwan da suke samu, suka riƙa lissafin kwanaki don kada lokaci ya narke musu. Suka laƙaba wa masu tsaronsu sunaye, suna nazarin halin kowanne, wane ne mai sauƙi, wane ne mai ƙiyayya, wane ne ake roƙo a wurinsa. Sama da duka, in ɗaya ya karaya ɗayan yakan ɗaga shi. Ga shi kuwa an raba su da Sumana tun da wuri, shi bai sami wannan gata na zama da abokan tafiyarsa ba. Wanda ya karanta babin haƙuri a littattafan malamanmu zai gane abin da suka yi, ko da yake su ba daga can suka ɗauko shi ba: haƙuri aiki ne da ake tsarawa a yi shi kowace safiya, da hana harshe kuka, da hana zuciya bin waswasi.

Game da masu tsaronsu, Fowler bai ɓoye abin da ya gani ba, mai kyau da marar kyau. Ya ce bai taɓa ganin samari masu manufa ɗaya tak kamarsu ba: ba ruwansu da kiɗa ko ƙwallo ko tufafin ado, ba sa wasa da salla, abin da fursunoni suka ci shi suke ci, babban burinsu shahada. Cikinsu har da yara ƙanana. Ya kuma lura da cewa, duk da yawan faɗin 'yan'uwantaka, akwai fifiko tsakanin Larabawa da baƙaƙen fata a cikinsu. Da dare sukan kunna kwamfuta su nuna musu hotunan hare-hare. Kusan kullum kuma sai an zo an yi musu wa'azi su musulunta, Umar wuld Hamaha yana kan gaba, da Faransanci mai kyau da zafin murya. Dattawan suka saurara da ladabi, suka yi tambayoyi, amma ba su furta abin da ba ya cikin zuciyarsu ba. A nan ma akwai abin baƙin ciki ga Musulmi, gama Alƙur'ani a Suratut Tauba ya yi umurni cewa wanda ya nemi mafaka a ba shi, ya ji maganar Allah, sa'an nan a kai shi wurin amincinsa. Waɗannan kuwa suka ɗauki jiyar da magana suka watsar da mafaka da rakiya. Wa'azin da ake yi wa mutum bayan an sace shi a kan hanya, ana kuma cinikin kansa ta waya, ba abin da yake koya masa sai ƙyamar mai wa'azin.

A bayan fage ana ta kai da kawo. Shugaba Amadu Tumani Ture na Mali da Shugaba Blaise Compaoré na Burkina Faso suka sa mutanensu, watau Baba wuld Shaikh, wani mai faɗa a ji na yankin Gao, da Mustafa Shafi'i, ɗan Muritaniya mai ba Compaoré shawara, su ne masu shiga hamada suna fitowa. An bar fursunonin sun yi magana da iyalansu ta waya, wannan ma dabarar matsa wa gwamnati ce. A watan Maris aka saki Sumana Munkaila. Ranar 22 ga Afrilu 2009 aka ba da sanarwar sakin Fowler da Guay, tare da mata biyu, Bajamushiya da 'yar Suwizalan, daga cikin 'yan yawon buɗe ido huɗu da aka kama a Janairu kusa da iyakar Mali da Nijar, waɗanda suke hannun wani amiri mai tsananin ƙeta, Abdulhamid Abu Zaid. Firayim Ministan Kanada na lokacin, Stephen Harper, ya ce Kanada ba ta biya fansa ba, ba ta kuma saki fursuna ba. Amma a 2013, bayan an kori mayaƙan daga Tumbuktu, 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP suka tsinci wata wasiƙa da shugabannin ƙungiyar suka rubuta wa Balmuktar, wanda mutanensa ne suka tsare Fowler da Guay, suna zarginsa da cewa ya sayar da manyan jakadu da araha, Yuro 700,000 kacal, watau kusan sefa miliyan 460. Wasiƙar ba ta faɗi wanda ya biya ba. Abin da ta fallasa ya fi wannan: majalisar shurar da ke kiran kanta ta mujahidai ta zauna a kan mas'alar manzannin sulhu biyu da aka sace, ba ta ga abin zargi ba sai ƙarancin farashi.

Lalle ne a faɗi gaskiya cewa dokokin da dattawan nan suka kafa wa kansu sun tsare musu hankali ne, ransu kuwa, bayan ikon Allah, darajarsu a kasuwa ce ta tsare shi. Edwin Dyer, Baturen Ingila da ke cikin 'yan yawon buɗe ido huɗun nan, ƙasarsa ta ƙi ciniki, aka kashe shi a ƙarshen Mayu 2009. Bayan haka abin ya yawaita a ƙasarmu: ma'aikata bakwai aka kwashe a Arlit cikin Satumba 2010, huɗun ƙarshe ba su fito ba sai Oktoba 2013, samari biyu Faransawa aka ɗauke daga wani gidan abinci a tsakiyar Yamai cikin Janairu 2011, suka mutu washegari yayin yunƙurin ceto. Jaridar New York Times ta ƙiyasta a 2014 cewa Alƙa'ida da rassanta sun karɓi aƙalla dala miliyan 125 na fansa tun daga 2008. Wanda kuma yake zaton Nasara kaɗai ake nufi, ya dubi Gao: ranar 5 ga Afrilu 2012 wata ƙungiyar masu da'awar jihadi mai suna MUJAO ta shiga ƙaramin ofishin jakadancin Aljeriya ta kame ma'aikata bakwai, Musulmi masu salla. An saki uku bayan 'yan watanni, aka kashe mataimakin ƙaramin jakada Tahir Tuwati a Satumba na shekarar, ƙaramin jakadan kansa Bu'alam Sayis ya rasu a tsare saboda rashin lafiya, biyun da suka rage ba su ga gida ba sai ƙarshen Agusta 2014.

Jihar Maradi ta ɗanɗana nata a daren 14 ga Oktoba 2012, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga Dakoro, bisa ga abin da aka ruwaito suna neman wani Bature ɗan Italiya, da ba su same shi ba suka tafi da ma'aikatan agaji shida, biyar 'yan Nijar da ɗan Cadi ɗaya, mutanen da aikinsu jinyar yara masu tamowa. Ɗan Cadin ya rasu saboda harbin da aka yi masa, sauran aka sake su a farkon Nuwamba. Daga nan kuma sai ga wata masifa ta taso ta kudu. Tun wajen 2019 dubun dubatar 'yan gudun hijira suka kwararo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumomin Gidan Runji da Madarunfa, 'yan bindigar da suka koro su kuma suka riƙa ƙetaro iyaka bisa babura suna kore shanu suna ɗaukar mutane. Waɗannan galibinsu ba su da'awar jihadi, kuma ba daidai ba ne a haɗa su da Alƙa'ida a ce abu ɗaya ne. Sai dai sana'ar ita ce dai, da wayar da ake bugowa, da muryar wanda aka kama da ake jiyar da danginsa, da wa'adin da ake yankawa. Bambancin yana ga wanda aka kama. Fowler yana da shugabannin ƙasa biyu masu nema masa hanya da jirgin da ke jiransa a Bamako. Manomin ƙasar Gidan Runji kuwa, 'yan'uwansa ne za su sayar da gero da bisashe, wani lokaci har gona, su bi dangi da masallatai suna haɗa kuɗi, in ya dawo kuma ya dawo cikin talaucin da zai daɗe bai fita ba, ba mai rubuta littafi a kansa.

Saboda haka ina kira ga malamanmu na Cadawa da Agiye da Gazawa da Gidan Runji, masu tafsiri da masu huɗuba da masu karantar da Risala a zaure, su fito da babin aminci daga cikin littafi su karanta shi a bainar jama'a, su bayyana wa samari da Hausa cewa sace manzo, da baƙo, da ma'aikacin agaji, da manomi a gonarsa, duka haramun ne, kuɗin fansarsu ƙazamar dukiya ce, kuma wanda ya tsegunta hanyarsu ko ya kai wa masu tsaronsu mai da abinci da saninsa yana da kaso cikin alhakin.